Yaya zan yi yarana ƙanana su ji daɗin Kirsimeti?

Wata uwa daga Kaduna ta aiko da tambaya kamar haka: "Ina da yara biyu, namijin shekararsa biyar, macen shekara biyu da rabi. Bara na kashe kuɗi sosai, na ɗinka musu kaya, na dafa abinci, na kai su wurin Baban Kirsimeti, amma da kuka aka wuni, ni ma na kwanta a gajiye da ɓacin rai. Bana kuɗin ma babu kamar bara. Me zan yi su ji daɗin bikin, su kuma san ma'anarsa?"

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Na daɗe ina koyar da ƙananan yara a makarantar reno, ranar Lahadi kuma ni ce ke riƙe da ajin 'yan ƙasa da shekara shida a majami'armu, ga nawa da na raina har suka girma. Abin da kika faɗa ina jin sa daga bakin iyaye kusan kowace Janairu, don haka kada ki ɗora wa kanki laifi. Abin da ya faru bara shi ne kin shirya biki irin wanda babba ke jin daɗinsa, sannan kika sa yara a ciki. Babba yana jin daɗin gani: gida ya yi kyau, kaya sun yi kyau, tukunya ta cika. Yaro ɗan shekara biyu zuwa shida kuwa abu biyu ke shiga ransa, abin da hannunsa ya taɓa, da abin da aka maimaita masa har ya san me zai biyo baya. Duk shawarar da zan ba ki a kan waɗannan biyun take tsaye, kuma yawancinta ba ta cin kuɗi.

Fara da sauke wa ranar 25 ga Disamba nauyin da kika ɗora mata. Littafi Mai Tsarki bai faɗi ranar da aka haifi Yesu ba. Rubutu mafi daɗewa da ya nuna ana bikin a wannan rana daga birnin Rum yake, na shekara ta 336. Kiristocin Habasha da Kibɗawan Masar har yau 7 ga Janairu suke nasu. A tsarin Katolika da Angilikan kuma ana fara shiri tun Lahadi huɗu kafin ranar, bikin ya ci gaba har wajen 6 ga Janairu, ranar tunawa da zuwan masanan nan daga gabas wurin jariri Yesu. Na kawo miki wannan ne don ki ga cewa tun asali lokaci ne mai faɗi. Idan kika cusa ɗinki da girki da majami'a da ziyara da hoto da wurin wasa duk cikin wuni guda, babba ma sai ya jigata, balle 'yar shekara biyu da rabi. Ki warwatsa su. Abu ɗaya a rana ya ishi yaro.

Yaro ƙarami bai san mako ko wata ba, kwana ya sani. Idan kin ce masa "saura mako biyu" kamar ba ki ce komai ba, shi ya sa zai dame ki da tambaya safe da yamma. Ki samo igiya ki ƙulla ta sau bakwai ko goma, ki rataye a bango daidai tsayinsa. Kullum da dare bayan addu'a sai ya kwance ƙulli ɗaya, ku ƙirga sauran tare da ƙarfi. Ko ki zuba duwatsu manya-manya a kwano, ana cire ɗaya kowace rana. Ga babban, kwana goma ya yi daidai. Kada ki fara tun farkon wata, jiran zai yi masa tsawo ya koma ƙorafi. Ita ƙaramar ba za ta gane lissafin ba, amma za ta gane cewa kullum bayan an ce amin akwai abin da ake yi a jikin bango, kuma za ki ga ita ce za ta riƙa jan hannunki zuwa wurin.

A wannan zaman na dare ne za ki ba su labarin, kuma a nan nake so in daɗe, don shi ne zuciyar tambayarki. Labarin haihuwar yana wuri biyu: Luka sura 2, aya 1 zuwa 20, da Matiyu sura 2, aya 1 zuwa 12. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, don haka ki karanta wa kanki tukuna, ki rufe littafin, sannan ki faɗa musu da bakinki yadda kakanninmu ke yin tatsuniya, da sauya murya da motsa hannu. Sai dai ki gaya wa babban cewa wannan ya faru da gaske, ba irin na Gizo da Ƙoƙi ba ne, don a shekarunsa ya fara tambayar wanne ne gaskiya. Kada ki ba da shi duka a dare ɗaya. Yau mala'ika ya zo wurin Maryamu, wannan yana Luka sura 1. Gobe sarki Augustas ya ce a yi ƙidaya, Yusufu da Maryamu suka kama hanya daga Nazarat zuwa Baitalami. Jibi suka isa, babu wuri a masauki. Ki tsaya nan, ki ce sai gobe. Za su roƙe ki ki ci gaba, kada ki yarda, wannan ɗokin shi kike nema.

Yaranmu suna da wata sa'a da yaran Turai ba su da ita: kusan duk abin da ke cikin labarin sun taɓa ganinsa da idonsu. Sun san tumaki, sun san makiyayi da sandarsa a kafaɗa, sun san jariri a zanen goyo, sun san yadda gida ke cika da baƙi har a rasa wurin shimfiɗa tabarma. Idan kika zo kan komi, ki tuna wa babban inda ake zuba wa tumakin kakarsa dusa da harawa, ki ce a irin wannan aka kwantar da jaririn. Na sha ganin fuskar yaro ta sauya a daidai nan. Wata yarinya 'yar shekara huɗu a ajina ta taɓa tsayar da ni ta ce, "Malama, to ba ƙaiƙayi?" Wannan tambayar ta nuna mini ta shiga cikin labarin fiye da wanda ya haddace aya goma. Kashe-kashen da sarki Hirudus ya sa aka yi wa jarirai kuwa ki bar shi sai sun girma. Ya isa ki ce sarkin yana da mugun nufi, Allah ya gargaɗi Yusufu, suka tafi Masar. Wani abin da za ki iya gyarawa tun yanzu: Matiyu bai ce masanan su uku ne ba, kyautai ne uku, zinariya da lubban da mur. Idan kina da turaren lubban ko makwabciya tana da shi, ki ba su su sansana.

Daga nan sai hannu ya kama aiki. An ce wani bawan Allah, Faransis na Asisi, shi ne ya fara shirya komi da dabbobi masu rai a wani ƙauye mai suna Greccio a Italiya, a shekara ta 1223, don talakawa su ga labarin da idonsu. Abin da ya yi za ki iya yi a kusurwar ɗakinki ba tare da kin sayi komai ba. Disamba bayan kaka ce, karan dawa ko'ina. Ki sa a kawo miki sille biyu ko uku, ke ki ɓare da kanki don ɓawon kara yana yanka yatsa kamar reza, ki ba babban totuwar. Da ita da 'yan siraran ɓawon za ku haɗa rumfa da komi da tauraro, yadda yara ke haɗa motar kara. Tumaki kuma da yumɓu, idan sun bushe a manna musu auduga da ɗan kwaɓin sitati. Jariri da tsumma. Ƙaramar aikinta ta danna yumɓu da tafin hannu ta kuma jera ciyawa. Abin da za su yi ba zai yi kyau a idonki ba, tunkiya za ta fito da ƙafa uku. Ki bar ta haka, kada ki bi dare ki gyara. Yaro yana gane an taɓa aikinsa, kuma abin da yake ji shi ne nasa bai isa ba. Ki ɓoye jaririn tsumman, a bar komin babu kowa har safiyar 25, sannan su sa shi da hannunsu kafin a tafi sujada. Masanan kuma a yi su da yumɓu, a ajiye su can bakin ƙofa, kullum a matso da su kaɗan zuwa wajen komin.

Girki ma haka. Ranar da za ki yi cincin, ki gutsuro wa kowa ɗan curin kwaɓin, ki ba babban kwalba ya murza nasa, ya fitar da siffa da murfin kwalba. Ɗana na biyu yanzu magidanci ne, amma idan ana hirar Kirsimeti a gidanmu ba ya tuna wace riga ya sa a wace shekara. Abin da yake faɗa kullum shi ne cincin masu da'ira da yake yi da murfin lemo, da yadda yake tsayawa yana nuna wa baƙi nasa a cikin faranti. Amma da zarar an ɗora mai a wuta, yara su bar wurin gaba ɗaya, wani babba ya riƙe su. Haka tukunyar miya da aka sauke a ƙasa, da ruwan zafin figar kaza. A ranakun biki ne yara suka fi ƙonewa, don kowa yana zaton wani ne ke kallonsu. In tsautsayi ya faru, ki riƙa zuba ruwan sanyi mai tsabta a wurin har minti 20, kada ki shafa man goge baki ko ɗanyen ƙwai ko manja, sannan ku tafi asibiti.

Game da kazar ma akwai magana. Idan aka sayo ta da kwanaki aka ɗaure a tsakar gida, yaro ɗan shekara biyar zai riƙa ba ta tsaba, wani har suna zai sa mata. Ki gaya masa tun ranar farko cewa ta abincin Kirsimeti ce, kuma kada a tilasta masa tsayawa wurin yanka.

Kuɗi kuwa, daidai ruwa daidai tsaki. Idan kaza ta gagara, ku shiga watanda da makwabta ko 'yan majami'a, kashi ɗaya ya ishi gida irin naki. Sutura ɗaya ta isa. Ba a fafe gora ranar tafiya, ki kai wa tela tun Nuwamba, don a makon ƙarshe teloli ba sa barci kuma ba kowane alkawari ke cika ba. Ki zaɓi yadi mai laushi. Leshi mai ƙaiƙayi da riga mai tauri su ne rabin kukan da ake yi a majami'a. Sabon takalmi su sa shi a cikin gida kwana biyu ko uku kafin ranar, don ki gane inda yake cizo. Kitson ƙaramar a yi shi da kwana biyu, kada a ja, kada a cika mata duwatsun ado masu nauyi da za su hana ta kwanciya. Kuma ki tuna hunturu ne. A ɗinka kayan yadda rigar sanyi za ta shiga ciki, a tanadi hula da safa, a shafe su da man kaɗanya ko basilin har leɓe da diddige. In Jos ko wani ƙauyen Filato za ku je wurin dangi, ki ninka kayan sanyin. Kada a kwana da garwashi a ɗaki a rufe, kada kuma a kunna janareta a cikin gida ko a bakin taga. Hayaƙin da ke kisa ba ya wari, kuma yara yake fara kayarwa. Kuɗin makaranta na jiran ku a Janairu, ke da maigida ku ware shi tun kafin a shiga kasuwa.

Yanzu ga abin da nake zaton shi ya ɓata miki bara. Yaro mai shekara ɗaya zuwa biyu yana bukatar barcin awa 11 zuwa 14 a kwana ɗaya, har da na rana. Mai shekara uku zuwa biyar awa 10 zuwa 13. A jajibiri ana kai dare ana soye-soye, ga rediyo, ga baƙi, yara ba su kwanta ba sai sha ɗaya. Da asuba a tashe su wanka cikin sanyi, a tafi majami'a ba su karya ba don ana sauri, sujada ta kai awa uku ko huɗu, a fito rana tsaka a ba su alewa da lemon kwalba, barcin rana ya wuce. Duk yaron da aka yi wa haka zai yi kuka, kuma ba rashin kunya ba ne, jikinsa ne ya gaza. Ki tsare abu uku ko da komai zai rushe: lokacin kwanciya, karin kumallo mai riƙe ciki kamar koko da ƙosai ko shayi da burodi da ƙwai, da barcin ranar ƙaramar. A majami'a ki zauna kusa da ƙofa, da ruwa da ayaba a jaka. In ta fara mutsu-mutsu ki fita da ita ku zaga, ba wanda zai ga laifinki. Zaƙi a ba su bayan abinci. Zoɓo ko kunun zaƙi da kika dama da kanki da tafasasshen ruwa ya fi mini kwanciyar rai a kan abin da aka ƙulla a leda a bakin hanya. Gyaɗa guda-guda, alewa mai tauri, da fasasshen balan-balan kada su kusanci bakin ƙaramar, suna shaƙe yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Ki ajiye ƙullin gishiri da sukari na asibiti a gida, saboda gudawa bayan ciye-ciye.

Waƙa kuwa ki ba ta wuri babba. Ki zaɓi waƙoƙin Kirsimeti biyu kacal daga littafin waƙoƙin majami'arku, ku riƙa rera su kullum lokacin wanka ko shara, da tafi. Ranar da jama'a suka ɗauki ɗaya daga ciki a sujada, ki kalli fuskar ɗanki: zai waiwayo ya dube ki, ya buɗe baki da ƙarfi, don ya ji abin gidansu ya cika majami'a. In kina cikin Zumuntar Mata, ki tafi da su wurin koyon waƙa sau ɗaya ko biyu da yamma, su ga yadda ake buga tulu da ganga. A gida ki zuba tsakuwa a gwangwani ki toshe shi da kyau, ya zama abin kaɗawar ƙaramar. Idan matasa masu zagayen waƙa suka zo gidanku kafin yara su yi barci, ki bari babban ya miƙa musu abin da kuka tanada. In sun zo tsakar dare, kada ki tashe su.

Wasan kwaikwayon makarantar Lahadi ma ina da ra'ayi a kansa, kuma na sha faɗa wa 'yan'uwana malamai. Yaro ɗan ƙasa da shekara shida bai kamata a ɗora masa doguwar hadda a tsayar da shi shi kaɗai gaban jama'a ba. In ya manta aka yi dariya, ko da dariyar ƙauna ce, wani sai ya shekara bai yarda ya sake fitowa ba. A sa shi cikin makiyaya ko tumaki ko mala'iku, inda suke da yawa, da jimla ɗaya da za su faɗa tare. Rawani da tsohon mayafi da sanda sun isa makiyayi.

Baban Kirsimeti da kika ambata, ban yi mamakin kukan ba. Ki duba da idon 'yar shekara ɗaya da rabi, shekarunta na bara: ga wani ƙato da jajayen kaya, fuska a rufe da farin gemu, murya a shaƙe, uwarta kuma ta ɗauke ta ta miƙa masa. A wannan shekarun tsoron baƙuwar fuska alamar lafiya ce. Bana kada ki kai ta, ko ku tsaya daga nesa, in ta nemi matsawa da kanta to. Babban in yana so ya je, amma ki gaya masa mutum ne ya sa kaya. Ni ban goyi bayan a ce wa yaro wani ne daga sama ke raba kyauta ga masu kirki ba, domin a unguwa ɗaya wani zai samu keke wani bai samu komai ba, kuma wanda bai samu ba zai ɗauka shi ne mugu. Gaskiyar labarin ta fi daɗi: asalinsa wani bishop ne mai suna Nikolas, wanda ya zauna a garin Mira, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, a ƙarni na 4, aka san shi da taimakon matalauta a ɓoye. Ki ba ɗanki wannan, sannan ki tambaye shi wa yake so ku yi wa kyauta ba tare da ya sani ba. Amsar da zai ba ki za ta iya ba ki mamaki.

Wannan ya kawo ni kan al'adar da na fi ƙauna a Kirsimetinmu na Arewa, wato kai abinci. A Zariya na tashi, kusa da Wusasa, inda tsohuwar majami'ar nan ta ƙasa mai ginin Hausa take tun 1929. Ranar Kirsimeti kafin mu ci namu, mahaifiyarmu takan jera kwanonin sha da na ci a tsakar gida, ta zuba shinkafa da miya da nama, ta rufe, ta ɗaure kowanne da ɗankwali, ta ce wannan gidan Malam, wannan gidan Hajiya, wannan na tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a bayan layi. Kazar ma makwabcinmu Musulmi ake kira ya yanka, don kowa ya ci da kwanciyar rai. Da Sallah kuma kwanonin nan su dawo mana da tuwo da naman layya. Na san zaman garuruwa ya sauya, a Kaduna ma unguwanni sun rabu fiye da da, amma in kina da makwabci ko abokin aikin maigida da kuke mutunci, ki raya wannan. Ki ba babban ƙaramin kwano mai murfi wanda zai iya ɗauka, ki bi shi a baya, ki koya masa ya yi sallama, ya durƙusa ya gaida manya, ya ce "in ji Mama". In wani gida suka nuna ba sa karɓa, kada ki ji haushi, kada kuma ki yi maganar a gaban yara. A gaisa a wuce. Zumunci a ƙafa yake, kuma ƙafar yaro tana koyonsa tun tana ƙarama.

Yawon barka da Kirsimeti da yara ke yi ƙungiya-ƙungiya gida-gida, naki ba su kai ba. Ɗan shekara biyar ba ya bin ayarin yara ba babba, ko da yayyensa na unguwa sun ce za su kula da shi. Da sun ga abin kallo za su manta da shi. Ku zaɓi gida biyu ko uku na dangi ku je tare, da yamma bayan barci. Ki rubuta lambar wayarki a takarda ki sa a aljihunsa, ki kuma koya masa cikakken sunanki da na babansa. Kuɗin da aka ba shi a sa a asusu a gabansa. In za ki ara, ki gaya masa kuma ki mayar, don yara ba sa manta wannan.

Nokawut da sauran abin fashewa, babu su. Rundunonin 'yan sanda a jihohi da dama suna sanar da haramcinsu duk ƙarshen shekara, kuma ko ba doka, yatsa da ido ba su da madadi. A garuruwan da suka taɓa ganin tashin hankali, ƙarar kaɗai tana tayar da hankalin mutane. In ana bugawa a unguwa ƙaramar ta firgita, ki rungume ta ki ce "ƙara ce kawai, ina nan", kada ki ce mata ba komai alhali tana jin abin a ƙirjinta.

Wurin shaƙatawa, irin su gidan namun daji na Jos ko na Kano ko wuraren lilo na cikin gari, ranakun 25 da 26 da 1 ga Janairu su ne ranakun turmutsitsi. Ku je 28 ko 29 da safe, ku yi awa biyu ku dawo. Manyan taruka irin bikin Afan na Kagoro da ake yi 1 ga Janairu abin gani ne ƙwarai, amma ki bari sai sun ƙara girma, ko kuwa a je da babba ɗaya ga kowane yaro. Tafiya ƙauye in za a yi, a kama hanya da sassafe, kwana biyu ko uku kafin cunkoso, a tafi da gidan sauro da ruwan shansu. Daren shiga sabuwar shekara da ake kwana a majami'a, ku raba ke da maigida, ɗaya ya je ɗaya ya zauna da yara, ko a tafi da tabarma da bargo su kwanta a gefenki.

Shi ma Baban yara a ba shi nasa rabon, kada ya zama mai kawo cefane kawai. Haɗa rumfar kara aikinsa ne, ko ya ɗauki labarin makiyaya a darensa, ko ya riƙe yara lokacin suya. Waya kuma a ajiye ta a wannan rabin awa na dare. Hoto ɗaya ko biyu sun isa. Yaron da aka tsayar sau goma ana ce masa ya yi murmushi ya gyara tsayuwa, ƙarshensa kuka.

Idan an kai 6 ga Janairu, masanan yumɓu sun iso bakin komi. A daren ki sa babban ya ba ki labarin duka da bakinsa, daga mala'ika har Masar, ke da ƙanwarsa kuna saurare, kada ki gyara masa sai in ya tambaya. Sannan ku samo kwali, ku naɗe tumakin da tsumma ɗaya bayan ɗaya, ki rubuta shekarar a jikin kwalin, shi ya zana tauraro a gefe, babansa ya ɗora a saman kabad inda za su riƙa hango shi.